Gudun Kilomita 160 a Inda Iska Ba Ta Ƙosarwa

  Uwargida, a ɗan rage wutar murhu. Malam direba, idonka a kan hanya, kunnenka a wajenmu.

Yau tafiyar tamu da nisa. Za mu je Amurka, jihar Kolorado, wani ɗan gari mai suna Leadville. Duk shekara, cikin watan Agusta, ana yin gasar gudu a garin nan. Tsawonta mil 100 ne, wato kilomita 160. Ku ƙaddara daga Kano zuwa Zariya, da ƙafa. Akasarin hanyar kuma ba kwalta ba ce. Turba ce ta cikin daji da duwatsu. Ana tashi ƙarfe huɗu na asubar Asabar. Wanda bai dawo ba kafin ƙarfe goma na safiyar Lahadi, ba a lissafa shi. Awa 30 ke nan, ba ƙari ko na minti ɗaya.

Za mu fara da garin. Daga nan mu yi maganar iska, don ita ce uwar matsalar. Sai mu hau dutsen tare da masu gudun, mu ga abin da ke samun jikinsu. A ƙarshe akwai wata magana da ta shafi jininmu, mu da ke wannan yanki. Kada kowa ya tashi kafin mu kai can.

To, garin tukuna.

Leadville garin masu haƙar ma'adinai ne. Kusa da shi akwai wata babbar mahaƙa mai suna Climax, inda ake tono wani ma'adini da ake gaurayawa da ƙarfe don ƙara masa ƙwari. A farkon shekarun 1980 aiki ya tsaya a mahaƙar. Dubban mutane suka rasa abin yi. Gari ya fara mutuwa a tsaye. Cikin waɗanda aka sallama akwai wani mai suna Ken Chlouber. Shi ne ya yi tunanin a shirya gasar da za ta jawo baƙi, kuma ta yi tsawon da dole baƙon ya kwana, ya ci abinci, ya kashe kuɗi a garin. Kun ji asalin abin: neman abinci ne ya haifi gasar. A 1983 aka yi ta farko. Mutum 45 suka tashi, goma suka kai ƙarshe. Yau ɗaruruwa ke tashi, kuma har yanzu, a shekaru da dama, kusan rabinsu a hanya suke tsayawa.

Me ya sa? Akwai gasar mil 100 a wurare da yawa. Abin da ya bambanta wannan shi ne tudu.

Ku riƙe waɗannan lambobi. Birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba. Jos, da muke cewa garin sanyi, wajen mita 1,200 ne. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Shi kuwa garin Leadville, inda mutane ke kwana suna tashi, yara na zuwa makaranta, ya kusa mita 3,100. Wuri mafi gangare a duk hanyar gasar wajen mita 2,800 ne. Bari in maimaita. Inda mai gudun nan ya fi yin ƙasa, ya fi ƙololuwar Nijeriya tsawo.

Inda ya fi yin sama kuwa shi ne mashigin Hope. Mene ne mashigi? Idan tsaunuka suka jeru kamar katanga, akwai wurin da katangar ke ɗan rusunawa tsakanin ƙololuwa biyu. Ta nan turba ke bi ta ƙetara zuwa ɗaya gefen. Shi ne mashigi. Na Hope ya haura mita 3,800. Gasar kuma ta je-ka-dawo ce. Za ka hau shi, ka gangara bayansa zuwa wani kufan gari da ake kira Winfield, inda rabin tafiya yake. Sai ka juya, ka sake hawansa ta ɗaya fuskar, wadda ta fi tsayuwa. Sau biyu ke nan a wuni guda.

Yanzu mu zo kan iska.

Sau da yawa za ku ji ana cewa babu oksijin a kan dutse. Oksijin shi ne sashen iskar da jini ke ɗauka daga huhu ya kai wa tsoka, ta ƙona abinci da shi ta sami ƙarfi. Maganar da gyara. A bakin teku da kan dutse, kashi 21 cikin 100 na iska oksijin ne. Rabon bai canza ba. Abin da ya canza shi ne yadda iskar ta cure.

Ku tuna tulin auduga a kasuwa lokacin kaka. Ta ƙasa, nauyin ta sama ya danne ta, ta cure. Ta can sama kuwa sakwa-sakwa take. Ka cika kwando daga ƙasa, ka cika wani daga sama. Kwando iri ɗaya, nauyi ba ɗaya ba. To haka iska take. A bakin teku duk iskar da ke sama ta danne ta ƙasa. A kan dutse dannewar ta ragu. Huhunka shi ne kwandon. A mashigin Hope za ka cika shi fal, amma abin da ka ɗebo bai kai kashi biyu cikin uku na abin da za ka ɗebo a Legas ba. Numfashi uku a can sama bai kai biyu na bakin teku ba. Ku riƙe wannan, don duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso.

Jiki ba ya zama ya zuba ido. Nan take numfashi zai ƙaru, zuciya ta ƙara bugu. Idan mutum ya zauna a tudun, ƙoda za ta fitar da wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, masu dakon oksijin. Sai dai wannan aikin makonni ne. Shi ya sa masu hali ke zuwa Leadville mako biyu ko uku kafin ranar, su zauna jikinsu ya saba. Wanda ya sauka daga jirgi ranar Alhamis ya shiga gudu ranar Asabar, da jinin gangare zai hau dutse.

To, mu bi su mu gani.

An tashi cikin duhu, kowa da tocila ɗaure a goshi. Sanyi na cizo. Sa'o'in farko hanya na da ɗan sauƙi, ga ɗoki, ga ƙarfi a jiki. A nan ne da yawa ke kayar da kansu, ba su sani ba. Suna gudu fiye da kima, suna cinye guzurin da za su nema da dare. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. To a nan akwai agogo. Kowane zango yana da lokacin rufewa, wanda ya iso a makare sai a tsayar da shi. Ka yi sauri ka ƙone, ka yi nawa a rufe maka ƙofa. Tsakanin biyun nan ake neman hanya.

Bayan an ci kilomita 60 da 'yan kai, sai a iso zangon Twin Lakes, a gindin dutsen. Daga nan a ratsa fadama, a shiga rafi da takalmi, ruwan da ya narko daga ƙanƙarar tsauni. Ƙafa a jiƙe ake fara hawan. Tsayin hawan kusan mita 1,000 ne, cikin abin da bai wuce kilomita takwas ba.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. A nan, in ban da 'yan tsiraru, ba mai gudu. Tafiya ake yi. Wasu da sanduna biyu, wasu hannu a kan cinya suna turawa. Ba ragwanci ba ne, lissafi ne. A hawa mai tsayuwa, mai ƙoƙarin gudu ba ya tsere wa mai tafiya da wani abin kirki, amma yana kashe ƙarfi fiye da nasa. Ƙa'idar da gogaggu ke bi mai sauƙi ce. Idan ba za ka iya faɗin jimla guda ba tare da ka tsaya haki ba, ka wuce gona da iri. Rage.

Can wajen mita 3,500 itatuwa sukan ƙare. Sanyi da iska ba sa barin su girma a sama da nan. Sai ciyawa da tsakuwa. Dab da mashigin akwai wani zango da mota ba ta zuwa. Kayan abinci da tantuna, a bayan lama ake kai su. Lama dabbar tsaunukan Kudancin Amurka ce, dangin raƙumi, sai dai ƙarama ce kuma ba ta da tozo. Mai gudu zai ɗago kai a galabaice, ya ga garken su na kiwo hankali kwance, ga masu aikin sa-kai na miƙa masa miya mai zafi.

Wurin da ba itace yana da nasa haɗarin. A watan Agusta, a tsaunukan Kolorado, hadari kan haɗu bayan azahar, da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara. A fili irin wannan, mutum ne abu mafi tsawo, kuma tsawa abu mai tsawo take nema. Sannan duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi. Ka baro gindin dutse kana gumi, ka iso sama da jiƙaƙƙiyar riga, iska na kaɗawa. Idan ruwa ya sauko ba ka da rigar ruwa, sanyi zai iya shiga jikinka har hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi, tunani ya rikice. Shi ya sa mai hankali ba ya hawa sai da rigar ruwa a jaka, ko da sama ta yi tangaran.

Masu sauraro, mun kai sama. Kuna tsammanin an huta? Saukowa ce ke kashe cinya. A gangara, tsokar gaban cinya ce birki. Kowane taku tana riƙe nauyin jiki yayin da ake miƙe ta, kuma irin wannan aikin yana yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka. Ba za ka ji ba a lokacin. Sai can da dare, saura kilomita 40, cinya ta ce ba ta san zancen ba. Akwai masu ficewa daga gasar numfashinsu lafiya lau, zuciya lafiya lau, cinya ce kawai ta ƙi gangara.

Mu dakata a nan mu yi maganar ciki, don a irin wannan gasa ciki ya kayar da mutane da yawa.

Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce aikin awa biyu idan ana wahala sosai. Tafiyar kuwa ta awa 20 ce zuwa 30. Dole a ci ana tafe, kaɗan-kaɗan, ba yankewa. Ga matsalar: tudu na kashe sha'awar abinci, yana kawo tashin zuciya. Jini kuma ya tafi ƙafafu, ya bar hanji. Mutum na buƙatar abinci, cikinsa na ƙi. In ya daina ci, awa biyu masu zuwa ƙarfi ya ƙare. Don haka masu shiri na horar da cikinsu kamar yadda suke horar da ƙafa. Suna ci suna gudu tun a gida, wata da watanni.

Sai ruwa. Iskar tudu busasshiya ce, ga yawan numfashi, ruwan jiki na fita ba a sani ba. Amma ku saurara da kyau, ruwa ma yana yin yawa. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa fiye da abin da yake fitarwa, gishirin jininsa zai tsarke. Yatsu su kumbura, kai ya yi ciwo, tunani ya rikice, har ƙwaƙwalwa ta kumbura. An rasa rayuka ta wannan hanya a gasar gudu daban-daban. Shawarar likitocin wasanni a yau ita ce a sha gwargwadon ƙishirwa. Ba a jira ta yi tsanani, ba a kuma ɗura ruwa don tsoro.

Akwai kuma maganin ciwon jiki, irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda a wajenmu ake saya a kemis kamar alawa. Jikin da ke cikin wahala, ruwa ya ragu, tsoka na yayyagewa tana zuba dattinta cikin jini, ƙodarsa tana aiki da ƙyar. Waɗannan magunguna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda suke yi. An haɗa mata biyu ke nan. Wannan gargaɗin ba na masu gudun Amurka kaɗai ba ne. Ɗan dako, mai faskare, manomi a tsakiyar rana, duk wanda ke haɗiyar su don ya ci gaba da aiki cikin zafi da ƙishirwa, ƙodarsa irin ta mai gudun ce.

To, mu koma hanya. Dare ya yi. A rabi na biyu an yarda mai gudu ya sami ɗan rakiya, wanda zai bi shi, ya riƙe masa kaya, ya tuna masa ya ci, ya hana shi kwanciya a gefen turba. Akwai sauran wani dogon hawa da ke bin ƙarƙashin wayoyin lantarki, mai yaudara. Ka ga kamar ƙarshensa ke nan, ka isa, ka tarar da wani a gaba. Rashin barci na sa wasu ganin kututture kamar mutum a tsugune. Wanda ya gama ƙasa da awa 25 ana ba shi babban ƙarfen ɗaure bel. Wanda ya gama ƙasa da awa 30, ƙarami. A sa'o'i biyun ƙarshe ne jama'a suka fi shigowa, suna jan ƙafa, iyalansu na biye da su.

Gwanaye kuwa duniyarsu daban. A 1993 wani mutumin ƙabilar Tarahumara, mazauna tsaunukan arewacin Meziko, mai suna Victoriano Churro, ya lashe gasar. Ya haura shekara 50, kuma takalmin da ke ƙafarsa daga tsohuwar tayar mota aka yanko shi. A 2005 Matt Carpenter ya gama cikin awa 15 da minti 42, ya shigo gari da sauran haske. Shekara 19 ba wanda ya taɓa wannan lokacin, sai a 2024 David Roche ya rage shi. A ɓangaren mata, Ann Trason ta yi awa 18 da minti 6 a 1994, kuma namiji ɗaya ne kawai ya riga ta shigowa a ranar. Lokacinta ya kai shekara 31 yana tsaye.

Yanzu ga inda nake so ku ƙara kasa kunne.

A irin waɗannan gasa ana yawan kirarin kada a karaya, kada a sare. Ni ina ganin kirarin rabin gaskiya ne. Ƙorafin jiki iri biyu ne. Akwai wanda za ka iya toshe wa kunne: gajiya, bororo a ƙafa, ciwon cinya, zuciya na raya maka ka koma gida. Waɗannan da haƙuri ake wuce su. Akwai kuma wanda toshe masa kunne ganganci ne.

Ciwon tudu yakan fara da ciwon kai, tashin zuciya, jiri. Wannan gargaɗi ne: kada a ƙara hawa. Idan mutum na haki ko yana zaune, yana tari, ƙirji na kurari, ko majina na fitowa da kumfa, ruwa ne ke taruwa a huhu. Idan yana tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ba ta kan hanya, ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Waɗannan biyun suna kisa, wani lokaci cikin sa'o'i. Babban maganinsu a sauko ƙasa, nan take, ko da tsakar dare ne, sannan a nemi likita. A sauko. Kuma ba a barin irin wannan mutum ya yanke wa kansa hukunci, domin ƙwaƙwalwar da za ta yanke hukuncin ita ce ba ta da lafiya. Ciwon tudu ba ya duba ƙarfi. Yana kama ɗan wasa kamar yadda yake kama wanda bai taɓa gudu ba.

Sai maganar da na yi muku alkawari, ta jininmu.

Kun san sikila, amosanin jini. Mai SS shi ne mai ciwon. Mai AS kuwa yana ɗauke da ƙwayar gadon ne kawai, kuma a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana ƙwallo, akwai manyan 'yan wasa da yawa masu AS. Amma idan abubuwa uku suka haɗu, ƙarancin oksijin, wahala mai tsanani, da ƙarancin ruwa a jiki, ƙwayoyin jininsa ma na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi. Tudu mai tsawo kuwa yana haɗa ukun a wuri guda. Saifa ce ta fi shan wahala. A 2007 wani ɗan wasan ƙwallon Amurka, Ryan Clark, mai AS, ya buga wasa a birnin Denver, a wannan jiha ta Kolorado, a tsayin mita 1,600 kacal. Ya kwanta rashin lafiya mai tsanani, har sai da aka cire masa saifa. Ya warke ya koma wasa, amma ƙungiyarsa ba ta sake barinsa ya buga a Denver ba.

Wannan ba ya faruwa ga kowa, kuma ba dalilin tsoro ba ne. Dalilin sani ne. Dogayen duwatsu ba su yi mana nisa ba. 'Yan'uwanmu na Kamaru sun san gasar hawan Dutsen Kamaru da ake yi daga garin Buea, kuma ƙololuwarsa ta haura mita 4,000, ta fi mashigin Hope. Akwai kuma matasanmu da ke zuwa hawan Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 5,895. Duk mai irin wannan niyya, ya je asibiti ya yi gwajin jini tukuna, ya san ko AA ne ko AS. In AS ne, ya gaya wa likita inda za shi. Ya hau a hankali, kwana bayan kwana. In ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ko ƙafafu suka saki farat ɗaya, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ya tsaya, ya sauko, a kai shi asibiti. Kuma ya faɗa wa likitan can cewa shi AS ne, don likitan ƙasar da sikila ba ta da yawa ba lallai ya kawo ta a ransa ba.